Ƙotar direbana ta karye, zan iya saka ta abokina a kan?

Tambayar ta fito ne daga wani Alhaji a Kaduna, ɗan shekara 54, wanda ya yi shekara huɗu yana buga golf. Ƙotar direbansa, wato doguwar sandar nan mai ƙaton kai da ake buɗe bugu da ita, ta karye daidai wuya bayan an danne jakar da kaya a but ɗin mota. Kan yana nan lafiya lau, kuma irin mai ɗaurin sukuru ne. Wani abokinsa ya ba shi kyautar ƙota da ya kwance daga direban wani kamfani daban, an rubuta X a jikinta, nauyinta giram 70. Yana so ya sani ko za ta shiga, ko zai iya haɗawa da kansa, kuma ko gaskiya ne ƙota mai tauri za ta hana ƙwallonsa karkata dama. Ya ce bugunsa kan yi kamar yadi 200 a sama kafin ya dira.

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Za ta shiga in an yi mata aiki, kuma aikin bai fi ƙarfinka ba in kana da haƙuri. Amma da ni ne, ba zan saka ta ba. Ba taka ba ce, kuma ba za ta gyara karkatar da ke damunka ba. Wataƙila ma ta ƙara. Bari in fara da dalilin hakan kafin mu je ga gam da zarto, domin duk wanda ya kawo mini sanda a shago, bakinsa a kan harafin da ke jikin ƙota yake, alhali harafin nan shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa.

Haruffan L, A, R, S da X suna nuna taurin ƙota ne daga mai laushi zuwa mai tauri, amma babu wata hukuma a duniya da ta kafa ma'auninsu. Kowane kamfani da nasa mudun. S ɗin Fujikura ba lallai ya yi daidai da S ɗin Mitsubishi ko na Graphite Design ba, kai ko a kamfani ɗaya, R mai giram 65 yana iya fin S mai giram 50 tauri. Shi ya sa masu haɗa sanda ke damƙe gindin ƙota a na'ura, su kaɗa bakin, su ƙirga sau nawa ta yi lilo a minti guda. Wannan lambar ita ce ake kwatantawa, ba harafi ba. Duk da haka, X mai giram 70 ba ta da wani ɓoyo: an yi ta ne don masu lilo, wato kaɗa sanda wajen bugu, da gudun mil 105 a awa ko fiye. Ƙwararrun 'yan wasan jerin gasannin PGA Tour na Amurka suna kaiwa wajen mil 113 zuwa 115. Kai kuma, in dai yadi 200 ɗin nan a sama ne da gaske, gudunka bai wuce mil 85 zuwa 90 ba. Abin da ya dace da kai R ce mai giram 50 zuwa 60. Na ce “in da gaske” ne saboda hunturu na ruɗin mutane a filayenmu: ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallo ya dira ya yi ta gangarawa, mutum ya ɗauka ƙarfinsa ne. Damina ce ke faɗa wa kowa gaskiyarsa. Wanda ya auna bugunsa a filin golf na Rayfield da ke Jos ma ya rage wani abu, don garin yana kan tudu na kusan mita 1,200 kuma iskar can ba ta riƙe ƙwallo kamar ta Kaduna.

Batun karkata dama kuwa, ƙwallo ba ya sanin abin da aka rubuta a ƙota. Abin da ya sani shi ne inda fuskar sanda ke kallo a lokacin haɗuwa, da hanyar da kan ya biyo, da wurin da ya taɓa a fuskar. In fuskar na buɗe idan an kwatanta da hanyar lilo, ƙwallo zai lanƙwasa dama ga mai bugu da dama. In kuma ka buga da dunduniyar fuska, wato gefen da ke kusa da wuya, kan zai ɗan murɗa ya ƙara wa ƙwallon juyi zuwa dama. Ƙota mai tauri da nauyi fiye da ƙarfin mai ita takan sa ya kasa rufe fuskar a kan lokaci, bugu ya fita ƙasa-ƙasa ya zarce dama, shi kuma ya ji kamar da taɓarya yake wasa, sai ya ƙara ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Abokinka ya yi kyauta don Allah, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da nake zargi a wurinka shi ne tsawo. Direbobin da ake sayarwa yanzu yawanci inci 45 da rabi ne zuwa 45 da kwata uku. Kamfanoni suna son tsawon ne saboda ranar gwaji, in mai saye ya dace da bugu ɗaya mai kyau cikin goma, wannan ɗayan zai tuna ya ciro kuɗi. Amma a shekarar 2000, lokacin da Tiger Woods ya lashe manyan gasanni uku a jere, direbansa inci 43 da rabi ne, ƙotar ma ta ƙarfe. Gaskiya ne Phil Mickelson ya ci gasar PGA Championship ta 2021 yana da shekara 50 da direba mai kusan inci 48, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda, to amma wannan mutum ne da ya shekara talatin yana cin abinci da hannunsa a wasan. Daga farkon 2022 ma hukumomin dokar wasan, R&A da USGA, sun ba masu shirya manyan gasanni damar taƙaita tsawon zuwa inci 46. Ga mai buga wasa Asabar da Lahadi, duk inci ɗaya da aka ƙara yana ba shi ɗan gudu kaɗan, ya ƙwace masa tsakiyar fuska, kuma asarar bugun gefe ta fi ribar gudun nesa ba kusa ba.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ari direban wani mai R, ka shafa wa fuskar makar farin allo ko ka barbaɗa hoda, ka buga ƙwallo goma, kana duba tabon bayan kowane bugu. Sannan ka sauko da riƙonka inci ɗaya ƙasa, ka sake buga goma. In tabon ya tattaru ya matso tsakiya, ka sami tsawonka. Cikin mutanen da nake yi wa wannan gwaji, mafi yawa tsakanin inci 44 da 44 da rabi suke tsayawa, dogayen ma haka, don tsawon direba ya fi bin iya sarrafa mutum fiye da tsayinsa.

To amma yanke ƙota ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai abin da muke kira rinjayen kai, wato yadda hannu ke jin nauyin kan a lokacin lilo. Ana auna shi a wani sikeli da ake ɗora sanda a kai, madogararsa na inci 14 daga gindin mariƙi, wato robar da ake riƙewa, sakamakon kuma harafi ne da lamba daga 0 zuwa 9, C9 na ƙasa da D0 da maki ɗaya. Direban maza yakan faɗi tsakanin D0 da D3. Lissafin da muke aiki da shi a benci shi ne: rabin inci na tsawo maki 3 ne, giram 2 a kai maki 1, kimanin giram 9 na nauyin ƙota maki 1, giram 4 zuwa 5 a mariƙi kuma suna rage maki 1. Ka ga ke nan in sandarka D2 ce a inci 45 da rabi, ka yanke inci ɗaya, ta koma C6. Za ka ɗaga ta ka ji kamar babu kai, lilonka ya rasa kari. Kafin ta dawo D2 sai an ƙara wa kan giram 12. Ni ba na mayar da su duka da farko. Nakan liƙa tef ɗin darma giram 6 a ƙasan kan, mutum ya buga, in ƙara biyu-biyu har ya ce ya ji kan. Idan kanka na da nauyin da ake kwancewa da sukuru, sai a sayi wanda ya fi shi nauyi a musanya, ya fi tsabta. Ka kuma sani duk nauyin da aka ƙara a kai yana sa ƙota ta ɗan ƙara laushi, don haka wanda ke tsakanin R da S ya yi wannan lissafin tun kafin ya saya.

Yanzu ga haɗin kansa. Kan naka mai sukuru ne, wato ba a cikin kan ake liƙa ƙota ba, a cikin wani ɗan kwaroron alminiyam ne da ake kira adafta, shi kuma sukuru ya ɗaure shi daga ƙasa. Wannan tsari ya yaɗu ne bayan an sassauta doka a 2008, TaylorMade ta fito da R9 a 2009, sauran kamfanoni suka biyo baya, kowa da nasa. Adaftar Callaway ba ta shiga Ping, ta Titleist ba ta shiga TaylorMade, wani lokaci ma kamfani ɗaya yakan sauya tsari tsakanin tsohon yayi da sabo, sannan akwai ta dama akwai ta hagu. Saboda haka ƙotar abokinka ba za ta ɗauru a kanka yadda take ba. Dole a zare adaftarsa a liƙa irin taka. Taka tsohuwa tana nan da guntun ƙota a ciki. Ana iya gasa ta a zaro guntun a goge ramin, in ba ta lanƙwashe ba a karyewar. In akwai ko ɗan tsagu, ka sayi sabuwa, ba ta da tsada idan aka kwatanta da kan da zai tashi sama.

Kafin ka sayi komai ka auna bakin. Yawancin direbobi bakin ƙotarsu inci 0.335 ne, wato milimita 8.5, wasu kuma 0.350, kusan milimita 8.9. Bambancin bai kai rabin milimita ba, ido ba ya gani, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Siririyar ƙota tana zama a faffaɗan rami in an saka mata ɗan siririn falle na tagulla da aka yi don haka. Mai kauri kuwa ba ta shiga ƙaramin rami, kuma kada wani ya ce zai kankare ta har ta shiga. Ƙotar zamani zaren kabon ne da aka nannaɗe falle-falle da gam. Wanda ya kankare zaren ya kankare ƙarfinta.

Zare adafta daga ƙotar kabon shi ne inda ake kashe ƙotoci. Gam ɗin da aka liƙa da shi yana sakin jiki a zafin da ya ɗan haura digiri 120 a ma'aunin Celsius, shi kuma gam ɗin da ya riƙe zaren ƙotar ba shi da nisa sosai da wannan. Don haka ana amfani da na'urar hura iska mai zafi, a kan adaftar kawai, a naɗe ƙotar da jiƙaƙƙen tsumma, sannan a tura adaftar ta fita a miƙe da abin zarewa. Ba a murɗawa ko kaɗan. Ƙotar ƙarfe ce ake gasawa a murɗe, kuma a nan masu walda da makanikai ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ni ma na taɓa yi, ina sabon shiga. Na ga adafta ta ƙi fita, na ƙara wuta, na kama da filaya na murɗa, ta fito, na duba bakin na ga kamar lafiya. Na haɗa wa mai ita. A bugu na shida kan ya fi ƙwallon nisa, Allah ya tsare ba kowa a gaba. Tun daga ranar duk ƙotar da aka zaro sai na danna bakinta da farce, na murza a tafin hannu. In ya yi laushi ko zare ya tashi kamar tsintsiya, ta gama aiki. Wata matsalar ƙotar hannu ita ce an riga an yanke ta daidai da wani kan. Kowace adafta da yadda take zama, don haka tana iya fitowa gajere ko doguwa a naka, kuma ba ka san ko an rage mata baki ba.

Mu ɗauka ka sayi sabuwa, R mai giram 55, wadda takan zo da tsawon inci 46 ba yanka. Ga direba, yawancin kamfanoni suna cewa kada a taɓa bakin. Sandunan da ke biye da shi ne ake rage wa rabin inci ko inci ɗaya. Yanke baki yana ƙara tauri sosai, yanke gindi kaɗan kawai, saboda haka duk ragin tsawo daga gindi za a yi shi, kuma a ƙarshe. Zura bakin cikin adafta ba gam, ka ga ya kai ƙasa, ka sa alama. Zai shiga inci ɗaya zuwa ɗaya da kwata. Naɗa tef ɗin takarda a saman alamar don kare fenti, ka goge ƙasan da samfefa mai lamba 80 da hannu, har fentin ya tafi wurin ya dushe. Da ka ga baƙar ƙura ta fara yawa ka tsaya, ka kai zare. Cikin adaftar ma a karce shi da samfefa a nannaɗe, a goge duka biyun da sifirit, a bar su su bushe, kada yatsa ya sake taɓawa. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya ɓata haɗi. Kada ka manta da zura zoben roban da ke zama a saman wuya tun yanzu; ba ado kaɗai ba ne, yana hana bakin ƙarfe cin ƙota.

Gam ɗin shi ne mai haɗi biyu, wanda ke ɗaukar awa 24 kafin ya kama. Na minti biyar yana aiki ga gyaran gaggawa, amma ya fi saurin tsagewa da duka, kuma direba duka yake sha. Sufa gulu kuwa kada ma ya zo kusa. Auna kashi biyun daidai, ka gauraya minti ɗaya cur, ka shafa siriri a bakin ƙota da cikin adafta. Mutane suna ɗauka yawan gam ne ƙarfi. A'a: rarar takan haura cikin ramin ƙotar ta daskare kamar ƙusa, wurin ya daina lanƙwasa, ƙota ta karye daidai inda daskararren ya ƙare, ko wani guntu ya ɓalle ya riƙa ƙara a ciki kamar caki. Tura kana juyawa a hankali, ka ɗan buga gindin a ƙasa ta zauna, ka daidaita rubutun ƙotar da alamar tsaka-tsaki ta adaftar, ka goge abin da ya fito. Jingine ta a tsaye, baki ƙasa, a inuwa, ka manta da ita sai gobe war haka.

Gobe ka ɗaura kan, ka ajiye sandar yadda take zama in za a yi bugu, ka zura dogon ma'auni ta bayanta daga ƙasa zuwa gindi. Shawarata ka yanke a inci 45 tukuna, ka saka mariƙi, ka yi wasa biyu ko uku kana riƙewa ƙasa kaɗan. Ragewa kullum tana yiwuwa. Ƙari kuwa sai da toshi a gindi, kuma ba na son ya wuce inci ɗaya da rabi. Wurin yankan a naɗe shi da tef, a yi da zarto mai ƙananan haƙora ko faifan yanka, ana juya ƙotar, a kuma rufe hanci don ƙurar kabon ba ta da kyau ga huhu. Abin yanka bututun famfo yana murƙushe ta. Mariƙi da tef mai gam fuska biyu ake saka shi, a jiƙa da farin sifirit na masu fenti, a tura da sauri. Wasu na sa fetur. Yana aiki, amma ban ga dalilin wasa da wuta a ɗaki ba. Ka bar kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci a lissafin tsawo saboda murfin mariƙin.

Sukurun ƙasa da sufanar da ta zo da sandar ake ɗaure shi, wadda ke yin ƙas in ya isa. Da ka ji ƙas ka tsaya. Kuma tunda adaftar na ba ka damar sauya kwanciyar fuska, ka ɗaga ta. In kwanciyar fuskar kan digiri 10.5 ce, ka kai ta 11.5 ko 12. A gudunka ƙwallo na buƙatar tashi da digiri 13 zuwa 15 kafin ya yi nisan da ya kamata, sannan ɗaga lambar a adafta yana ɗan rufe fuskar, wanda shi ne abin da mai karkata dama ke nema. Sai dai ka yi saitin kafin ka fara zagaye, doka ta hana sauyawa a tsakiyar wasa.

Wurin saye ka yi hattara. Ƙotoci masu suna irin su Ventus, Tensei da Tour AD sun cika intanet da jabu, fenti daidai, ciki ba komai. In ka ga wadda ake sayarwa ɗaruruwan daloli an sa mata kuɗin cefane, ka wuce, araha ba ta ado. Abin da na fi ba mutane shawara a nan gida shi ne su tambayi furo ɗin kulob ɗinsu, wato ƙwararren mai koyar da wasa, ko tsofaffin kadi masu ɗaukar wa 'yan wasa jaka. Akwai masu sayen sabon direba su kwance ƙotar da ta zo da shi su ajiye don sun sayi mai tsada. In ka dace da ta kamfanin kanka, mai R, da adaftarta a jiki, ka huta da zarewa da liƙi gaba ɗaya, sai dai yanke gindi da ƙarin nauyi. Ɗora ta a sikelin kicin ka ga nauyin ya yi kusa da abin da aka rubuta, ka duba inci shida na farko daga baki, nan ne bakin jaka ke goge fenti har ya ci zare.

Ƙotar abokin naka ka mayar masa da godiya ko ka ba wani matashi mai ƙarfin lilo a kulob. Direban kuma, tunda mai sukuru ne, ka riƙa kwance kan ka sa a aljihun jaka duk lokacin da za a loda kaya ko za a hau jirgi. Kada jakar ta yini a but a watan Afrilu, zafin na cin gam da mariƙi a hankali. In ka yi gwajin makar, ka aiko mini da hoton fuskar na bugu goma na farko da goma na biyu, da nauyin kan a sikeli ba adafta, in faɗa maka inda za ka yanke da giram nawa za ka ƙara.